Dutsen Da Ya Faɗo Daga Sama Da Sanadinsa

Ku sani, ya malamai da fatake, a birnin Landan akwai wani babban gida da aka buɗe a shekarar 1881 domin ajiye abubuwan halitta. A benensa akwai dogon zaure cike da akwatuna masu murfin gilashi, an jera ma'adinai jinsi jinsi: zinariya, da azurfa, da tagulla, da yakutu, da zumurrudu. A 2007 aka buɗe wani ɗaki a ƙarshen zauren, aka baje lu'ulu'u 296 masu launi dabam dabam. Kusa da su aka ajiye wani dutse marar sheƙi, wanda dillali zai wuce bai waiwaya ba. Daga sama ya faɗo a Nakhla ta ƙasar Masar a 1911, asalinsa kuwa tauraron Mirrihu ne, wanda Turawa ke ce wa Mas.

Irin wannan ya auku a ƙasarmu. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi yana korar hankaki a gonarsa kusa da Zagami, a lardin Katsina, sai dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da shi, ya nutse cikin ƙasa. A 1995 masana suka auna iskar da ke kulle cikinsa, suka tarar ta yi daidai da iskar Mirrihu wadda na'urorin Amurka suka auna can a 1976. Yau gutsattsarinsa suna gidajen ajiya na ƙasashe da yawa.

Al'adar waɗannan gidaje ita ce kowane dutse yana da takarda mai faɗin sunansa, da inda aka samo shi, da hannun da ya bi. Malamai sun san wannan: magana ba sanadi ba ta da nauyi.

A 2023 an tsinci wani dutsen Mirrihu mai kusan kilo 25 a jihar Agadas. A 2025 aka yi gwanjonsa a Amurka a kan fiye da dala miliyan 5, gwamnatin Nijar kuwa ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar.

Saboda haka wanda ya tsinci baƙon dutse mai nauyi, kada ya fasa shi, kada ya yi gaggawar sayarwa. Ya rubuta wuri da rana, ya kai wa ma'aikatan binciken ƙasa tukuna. Wassalam.