Yadda Dawa Ta Ke Tsare Makaminta

A unguwarmu ta Abbaganaram, kamar sauran unguwannin Maiduguri, gidaje da yawa suna kiwon rago ko akuya, ana sayo musu ciyawa daga ƙauye. Dattawa kuwa kullum suna gargaɗi kada a ba dabba ɗanyen gyauron dawa, domin ya kan kashe ta. Ina so in bayyana wa 'yan'uwa ɗalibai dalilin wannan, gama gobe ku ne za ku koyar da 'ya'yan manoma da makiyaya.

Tsiro ba shi da ƙafar gudu. In fari ya zo, ko rana ta tsananta, ko ƙwari suka auka masa, dole ya tsaya inda ya ke ya kāre kansa da magungunan da ya ke haɗawa a jikinsa. To, ga wuyar al'amarin: abin da zai cuci maƙiyi ya kan cuci mai shi. Saboda haka tilas a kama shi, a kai shi ma'aji.

Jikin tsiro ƙananan ɗakuna ne birjik, ba a ganinsu sai da madubin likita. Cikin kowane ɗaki akwai wata jaka mai ruwa, kamar salka, ita ce ma'ajin. Akwai kuma ƙananan ma'aikata da a ke kira inzayim, kowane da sana'arsa. Wata ƙabila daga cikinsu, mai suna GST, ta kan ƙaru in tsiro ya shiga wahala. Kowane GST yana da aljihu biyu: ɗaya na riƙe wani sinadari mai suna gilutatayon, ɗaya kuma na kama abin da za a yi wa aiki. Wani lokaci ya kan ɗaura gilutatayon a jikin guba, kamar shaidar da a ke bugawa a buhu, sa'an nan masu gadin bakin salka su shigar da ita. Wani lokaci kuwa riƙe kayan ya ke yi, ya raka su.

Masara ce ta tona wannan asiri. Cikin 1995, a Jami'ar Sitanfod ta Amurka, Virginia Walbot da abokan aikinta suka nuna cewa jan launin ƙwayar masara ba ya isa salka sai da wani GST. In babu shi, launin ya kan tsaya a waje ya lalace, ƙwaya ta koma ruwan tagulla. Irin wannan launi yana kāre ganye daga zafin hasken rana, danginsa ne kuma jan karan dafi da dukawa su ke rina fata da shi. Cikin 2023 masana a Suwizalan suka ƙara gano cewa wannan GST ba ɗan dako ba ne kaɗai, har da hannunsa a ƙarasa haɗa launin.

Sai mu komo kan dawa. Makaminta sunansa durrin, daga sunan dawa da Larabci. Dunstan da Henry ne suka gano shi a Ingila cikin 1902. Dawa ta kan kulle shi a salkar ɗakunan fatar ganye, inzayim ɗin da zai fasa shi kuwa yana ɗakunan ciki. Ba sa haɗuwa sai dabba ta tauna. Da sun gamu sai guba mai suna sayanaid ta fito, ta hana jiki amfani da iskar da a ke shaƙa. In dawa ta girma lafiya, sai makamin ya ragu. Cikin 2018 masana a Kopanhagan ta Danmak suka nuna cewa waɗansu GST suna taimakawa a warware durrin ba tare da gubar ta fito ba, dawa ta mai da shi abinci.

Shi ya sa haɗarin ya fi yawa a ƙaramar shuka, da gyauro, da dawar da fari ya tsai da girmanta, ko ta damina ce ko masakwa ta firgin Dikwa. Hatsin da ya nuna ba shi da wannan illa, busasshen kara na bayan girbi kuma ya fi aminci nesa. In kun fita koyarwa, ku gaya wa yara su hana dabbobi shiga gonar da ba ta wuce gwiwa ba, su kuma lura da ciyawar da a ke sayowa. Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.