Karatun Saikoloji a Ƙananan Kwalejojin Amurka

Mu nan tun ranar cike fom ɗin JAMB muke zaɓar kwas. A Amurka kuwa akwai wasu ƙananan kwalejoji, irin su Williams da ke jihar Masachuset mai ɗalibai wajen 2,000, inda ɗalibi ke fara ɗanɗana tarihi, lissafi, adabi da kimiyya. Sai kusan ƙarshen shekara ta biyu yake tsai da fanninsa.

Wanda ya zaɓi saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan'adam, ba karanta zuciyar mutane zai koya ba. Tun 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Leipzig na Jamus, fannin yake tafiya da gwaji da awo. Shi ya sa ƙididdiga da dabarun bincike suka zama dole. Mai gudun lissafi, to ya sake shawara.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, digirin shekara 4 bai isa mutum ya fara duba masu damuwa ba. Sai ya ƙara babban digiri, ya kuma samu lasisi. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa, likitanci ya karanta. Kafin ku nemi gurbi, ku tantance wanne kuke so.