Yadda Hausa Ke Sarrafa Gaɓoɓin Kalmomin Ingilishi

Tun zuwan Turawa ƙasar Kabi a farkon ƙarni na 20 kalmomin Ingilishi suke ta kwararowa cikin Hausa, suka kuma ƙara yawa bayan da Birnin Kebbi ya zama hedikwatar jiha a 1991. To, amma babu kalmar da ke shiga bakin Bahaushe da kamanninta na asali. Sai an yi mata gyara ta fuskoki uku: gaɓa da karin sauti da ƙira.

Gaɓar Hausa iri uku ce kacal: baƙi da wasali (BW), baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali (BWW), sai baƙi da wasali da baƙi (BWB). Ingilishi kuwa yakan jera baƙaƙe biyu ko uku a farkon gaɓa. Saboda haka Hausa takan saƙala wasali ta raba su. Kalmar "bread" gaɓa ɗaya ce, amma burodi uku ce: bu-ro-di. Haka "driver" mai gaɓa biyu ta koma di-re-ba.

Ta fuskar kari, Ingilishi yakan danna murya a kan gaɓa ɗaya cikin kalma, ita kuwa Hausa hawa da saukar murya take bi. Galibi gaɓar da Bature ya danna ita ke ɗaukar karin sama, ta ƙarshe ta ɗauki karin ƙasa, kamar a mota da soja da tebur. A direba, gaɓar tsakiya ce ke sama.

Ta fuskar ƙira, ɗafa-ƙeyar "-er" da ke nuna mai aikatawa a "driver" ta narke, direba ta zama dunƙulalliyar kalma, ta ɗauki jam'in Hausa: direbobi, kamar tagogi. Mota ta zama tamata domin ta ƙare da wasalin a, jam'inta motoci, kamar tuta da tutoci. Karin harshen yamma ma bai ƙyale ta ba, domin mutumin Argungu da ke cewa kihi maimakon kifi, shi ne ke cewa motag gwamna maimakon motar gwamna.

Ke nan wannan sauyi ba jahilci ba ne, doka ce ta harshe. Malamin Ingilishi a Argungu ko Birnin Kebbi da ya ji ɗalibi ya ce "sukul" bai kamata ya ɗauke shi daƙiƙi ba, domin ƙa'idar gaɓar harshensa ya bi. Abin da yaron ke bukata shi ne a nuna masa inda tsarin harsunan biyu ya saɓa, sa'an nan a horar da shi kan furta baƙaƙe a jere.