Ajiyar Inji Ma Tana Cin Kuɗi

Masu buga Stellaris, wasan kwamfuta na yaƙin sararin samaniya da kamfanin Paradox na Suwidin ya fitar a 2016, sun san wannan ciwon kan. Kowane jirgin yaƙi yana cin makamashi da ƙarfe duk wata, ko ana yaƙi ko ana zaman lafiya. In ka ɗaure jiragenka a tashar da ke da masaukin ma'aikata, za a rage maka kwata na kuɗin, amma ba za a yafe maka duka ba. Dalili? Da ajiya kyauta ce, kowa sai ya tara jirage dubu ya zauna jiran ranar faɗa, wasan ya lalace. Da kuma tsadarta ta kai ta aiki, ba wanda zai ajiye komai.

To 'yan uwa, ba a wasa kaɗai abin yake ba. Mu na Kwaciri maƙwabtan filin jirgin Malam Aminu Kano ne, kuma mun saba ganin tsofaffin jirage jingine a gefe, rana da ƙurar hunturu da damina suna aikinsu a kansu. Jingine jirgi daban, adana shi daban.

A sansanin Davis-Monthan da ke jihar Arizona a Amurka, tun 1946 ake adana jiragen soja, yanzu dubbai ne. An zaɓi wurin saboda iskarsa busasshiya ce, tsatsa ba ta saurin kamawa, ƙasar kuma tana da taurin ɗaukar nauyi. Duk da haka sai an tsiyaye mai, an zagaya da man kariya cikin injin, an toshe kowace kafa, an fesa farin rufi don zafin rana. Tada irin wannan jirgi aikin makonni ne ko watanni. Ciniki ke nan: ka rage kashe kuɗi yau, ka biya da lokaci gobe.

Sakaci kuwa ya fi duka tsada. A Fabrairun 1996 jirgin Birgenair ya faɗa teku bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun fi kyautata zaton zanzaro ne ya yi gini a bututun auna gudu, lokacin da jirgin ya yi makonni a ajiye ba a rufe bututun ba. Zanzaro fa!

Ku sauko da lissafin kan babur ko janaretan da za ku bari in an tafi dogon hutu ko aka shiga yajin aiki. Fetur in ya daɗe yakan yi danƙo ya toshe kafireto, batir ya mutu, taya ta tsattsage. In sati biyu ne, a samu mai tada shi jefi-jefi. In watanni ne, a rufe makunnin mai, a bar injin ya cinye na ciki har ya mutu da kansa, a cire kan batir, a canza baƙin mai, a ɗaga babur kan jak ɗinsa, a rufe shi a inuwa.

Kafin ka ajiye kowane inji, tambayi kanka yaushe za ka buƙace shi, kuma cikin kwana nawa kake son ya tashi. Amsar ita za ta gaya maka irin ajiyar da ta dace.