Fim Ɗin da ya Kai Mai Shi Gaban Alƙali

A watan Fabrairu na 1980 aka fara nuna wani fim mai suna Cannibal Holocaust a birnin Milan na Italiya, wanda Ruggero Deodato ya ɗauka a kurmin Amazon, kusa da garin Leticia na Kolombiya, bai kuwa wuce kwana 10 ba mahukunta suka ƙwace shi, aka kuma gurfanar da Deodato gaban alƙali. Ƙissarsa ita ce, waɗansu Amurkawa huɗu masu ɗaukar hoto sun kutsa kurmi neman ƙabilun da ake cewa suna cin naman mutane, aka daina jin ɗuriyarsu, har wani shehin malami ya bi sawu, bai tarar da kome ba face ƙasusuwansu da gwangwanayen fim. Da aka haska abin da ke ciki, ashe baƙin nan su ne azzaluman, su suka cinna wa bukka wuta da mutane a ciki, suka yi fyaɗe, domin kurum su sami abin da zai tayar da hankalin masu kallo.

Da yake an ɗauki hoton yana rawa, kamar na wanda ke gudun ceton rai, kuma Deodato ya yi sharaɗi da 'yan wasansa su ɓuya shekara guda, sai jita-jita ta bazu cewa kisan gaske aka yi, har ya zama tilas ya fito da su da ransu, ya kuma bayyana yadda aka yi da wata yarinya da aka gani a fim ɗin an tsire ta: sirdin keke aka kafa bisa sandar ƙarfe, ta zauna, ta riƙe guntun icce marar nauyi a baki.

To, jinin mutane ƙarya ne, amma na dabbobi haƙiƙa ne. An jawo wata ƙatuwar kififiya daga kogi, aka sare kanta, aka ɓalle ƙoƙon bayanta gaɓoɓinta na motsi; haka aka halaka birai biyu da alade da maciji, alhali babu wata larura sai neman kasuwa. Ga wanda ya tashi da sanin haramcin azabtar da dabba don wasa, hujjar Deodato, wai yana tona asirin 'yan jaridar da ke cin abinci da jini a zamanin ta'addancin ƙungiyar Red Brigades a Italiya, shubuha ce kawai, tun da laifin da yake zargin wasu da shi ya aikata da hannunsa. Daga baya dai ya nuna nadama kafin rasuwarsa a 2022, salonsa kuma ya yi 'ya'ya, cikinsu har da fim ɗin The Blair Witch Project na 1999.

Abin da aka fi mantawa shi ne Yanomami, mutanen iyakar Brazil da Venezuela, waɗanda fim ɗin ya ambaci sunansu ɓaro-ɓaro, ya jingina musu farautar mutane don ci, ƙazafin da shari'ar Milan ba ta ko waiwaya ba.