Dokar gidajen haɗaka a ƙasar Sin

Dokar gidajen haɗaka a ƙasar Sin ita ce ke tsara zaman mutanen da kowa ya mallaki sashensa a bene ɗaya, suna tarayya a matakala da haraba. Dokar mallakar dukiya ta 2007 ta ba su ikon zaɓen kwamitinsu da sallamar kamfanin da ke kula da ginin.

Tasirin al'ada

Koyarwar Konfushiyas ta fifita sulhu da girmama na gaba a kan zuwa kotu. Shi ya sa rigimar kuɗin kula da gini takan fara zuwa gaban masu sulhu na unguwa. Hukumomin unguwa kuma suna sa ido kan zaɓen kwamitin, abin da kan rage wa masu gidajen ikon da doka ta ba su.