Titin Jirgi na Uku a Filin Jirgin Saman Seattle-Tacoma

Titin jirgi na uku na filin jirgin saman Seattle-Tacoma, a jihar Washington ta ƙasar Amurka, titin sauka da tashi ne mai tsawon ƙafa 8,500 wanda aka buɗe ranar 20 ga Nuwamba, 2008. Ya ci fiye da dala biliyan ɗaya. An fi saninsa da doguwar taƙaddamar neman izinin cike fadamun da ke wurin.

Dalilin aikin

Tsofaffin titunan biyu tazarar ƙafa 800 ce kawai tsakaninsu. Idan hazo ya sauko, kuma Seattle gari ne na hazo da yayyafi, jirage ba sa iya sauka a kan duka biyun lokaci guda, sai su yi layi a sama. Hukumar tashar jiragen ruwa ta Seattle, wadda ita ke da filin, ta zaɓi yin sabon titi ta yamma. Wurin kuwa gangare ne mai fadamu, inda rafin Miller ke bi.

Izini

Dokar Tsaftar Ruwa ta 1972 ta hana zuba ƙasa a fadama sai da izinin Rundunar Injiniyoyin Sojan Amurka, a ƙarƙashin sashe na 404. Kafin nan, sashe na 401 ya ce dole jihar ta shaida cewa aikin ba zai gurɓata ruwanta ba. Ma'aikatar muhalli ta jihar ta ba da shaidar a 2001, amma gamayyar garuruwan da ke maƙwabtaka da filin, irin su Burien da Des Moines, ta ƙalubalance ta. A 2002 hukumar sauraren ƙorafe-ƙorafen gurɓata muhalli ta ƙara sharuɗɗa 16, a ƙarshen shekarar kuma rundunar ta ba da nata izinin. Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar da shaidar a 2004, ta soke wasu daga cikin sharuɗɗan, daga nan garuruwan suka janye.

Fadama da tsuntsaye

Fadamar da aka cike ba ta kai eka 20 ba, amma ita ke riƙe ruwan sama tana sakinsa a hankali ga rafukan da kifin salmon ke hayayyafa a ciki. Saboda haka aka gina manyan tankunan ƙarƙashin ƙasa masu tara ruwan, aka karkatar da wani ɓangare na rafin Miller, aka kuma yi katanga mai tsayin fiye da ƙafa 100 don kada tulin ƙasar ya danne sauran.

An kuma kai ruwa rana a kan wurin biyan diyyar fadamar. Ƙa'ida ta fi son a farfaɗo da wata kusa da wadda aka lalata, amma fadama na jawo agwagin ruwa, tsuntsu kuwa idan ya faɗa injin jirgi yana iya kashe shi. Don haka aka kai wani ɓangare na diyyar garin Auburn, a bakin kogin Green, wanda ruwansa ba ya shiga rafin Miller.